Ku Tambaya Mu Amsa: Hambog, Birnin da Ya Haifi Kalmar Boga

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga birni guda. Tun daga Suame har Aboabo a nan Kumasi, tambayoyin da suka fi yawa a kan Hambog ne, wanda Jamusawa ke rubutawa Hamburg. Mun zaɓi guda bakwai.

Wani makanike a Suame Magazine ya ce: Motocin da ake kawo mana daga Jamus, wasu da ragowar lamba mai HH a jiki. Mene ne HH? Kuma da gaske ne daga nan kalmar boga ta fito?

Maigida, HH taƙaitawa ce ta Hansestadt Hamburg, wato Hambog birnin ƙungiyar Hansa. Batun boga kuwa, yadda ka ji haka yake. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da rayuwa ta yi tsanani a Gana, matasa da yawa sun nufi Jamus, kuma Hambog ce ta fi ɗaukar su. Wanda ya dawo da kaya da mota sai a ce ɗan Hambog ne, baki ya gutsure sunan ya koma boga, har ya game duk wanda ya dawo daga Turai ko Amurka.

Shi sunan birnin ya haura shekara 1,100. Asalinsa wata ƙaramar ganuwa ce ta ƙasa da itace mai suna Hammaburg, a kan tudu tsakanin kogin Alster da fadamar kogin Elbe. A farkon shekarun 830 aka tura wani limamin Kirista mai suna Ansgar ya zauna a can don yaɗa addininsa zuwa arewa. A 845 mayaƙan Baikin na arewacin Turai suka hauro kogi da jiragensu suka ƙone wurin ƙurmus, Ansgar ya tsere, daga baya ya koma Bremen. Garin ya daɗe yana tashi ana rusa shi.

Ranar da mutanen birnin suka riƙe ita ce 7 ga Mayu 1189. A ranar, in ji su, Sarkin Sarakuna Frederik Barbarosa ya ba su takardar da ta yafe wa jiragensu kuɗin fito daga gari har bakin teku. Masana sun tabbatar cewa takardar da ke hannu ba ta lokacin ba ce, an rubuta ta ne wajen 1265, aka mayar da kwanan wata baya. Duk da haka ta yi aiki ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe a farkon Mayu ake bikin haihuwar tashar jiragen ruwan.

Wani dattijo mai sayar da goro a Alabar ya ce: To ita Hansa ɗin, sarauta ce ko kamfani?

Baba, ba ko ɗaya. Kai da ka gaji fataucin goro za ka fi kowa saurin gane ta. Ka tuna yadda kakanni ke tasowa daga Kano zuwa Salaga: ba mai fita shi kaɗai, sai an haɗa ayari, a naɗa madugu, a san zangon da za a sauka, a san mai masaukin da zai ajiye kaya ya tsaya wa baƙo a ciniki. Kalmar Hansa kanta ma'anarta ayari ce ko ƙungiya. Fataken Jamus ne suka fara haɗa kai don tsoron 'yan fashi da yawan kuɗin fito, daga baya garuruwansu suka shiga, har suka kai kusan 200. Ba su da sarki ɗaya, ba su da sojan dindindin, sai taron wakilai da ake yi jefi-jefi, galibi a birnin Lubek.

Amfanin Hambog a cikin tafiyar ya zo ne daga inda Allah ya ajiye ta. Lubek na kallon tekun Baltik ta gabas, Hambog na kallon Tekun Arewa ta yamma, tsakaninsu kilomita 60 da 'yan kai ne ta ƙasa. Wanda zai kewaya ta ruwa sai ya zagaye Denmak gaba ɗaya, hanya mai nisa da ta ci jirage da yawa. Saboda haka sai a sauke kaya a Lubek, a ɗora a keken doki, a sake lodi a Hambog. A 1241 biranen biyu suka ƙulla yarjejeniyar tsare wannan hanya da kuɗinsu. Daga gabas ana kawo fatu da kakin zuma da hatsi da katako, daga yamma tufafin Filandas, yankin da yawancinsa ke cikin Beljiyam ta yau, da na Ingila. Gishirin Lunebog, kudu da Hambog kaɗan, shi ake kai wa masunta a kudancin Suwidin su jera kifin herin cikin ganga, domin Kiristocin zamanin suna da ranakun azumi masu yawa da ba a cin nama. Manyan masaukan ƙungiyar huɗu ne: Landan, Buruj ta Filandas, Bagen ta Nowe da Nobgorod ta Rasha. Abin da Hambog ta fi fitarwa da kanta giya ce. A 1376 an ƙirga gidajen dafa ta 457 a gari mai mutane 'yan dubbai.

Makamin Hansa mafi kaifi shi ne ƙauracewa. Sarkin da ya taɓa fatake, sai a daina kai masa hatsi. Garin da ya saɓa alkawari, sai a cire shi, kowa ya daina ciniki da shi. Haka aka yi wa birnin Kolon a 1471, sai da ta shekara biyar a waje. In ta kama kuma suna haɗa jiragen yaƙi. Wajen 1401 jiragen Hambog suka kamo ɗan fashin teku Klaus Störtebeker da mutanensa, aka sare kawunansu a bakin kogi. Zancen cewa ya tashi ya yi tafiya ba kai, wannan tatsuniya ce.

Abin lura shi ne yadda Hansa ta mutu Hambog ta rayu. Da hanyoyin teku zuwa Amurka da Indiya suka buɗe, ciniki ya juya yamma. Lubek ta riƙe tsohuwar dokar hana baƙo sakewa. Hambog kuwa ta buɗe ƙofa: ta kafa kasuwar hada-hadar attajirai a 1558, ta karɓi 'yan kasuwar Ingila a 1567 duk da fushin sauran biranen, ta karɓi 'yan Holan da Yahudawan Fotugal masu gudun tsangwama, ta kafa banki a 1619. Tsakanin 1616 da 1625 ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina sabuwar ganuwa, wadda ta sa yaƙin shekara talatin da ya cinye Jamus daga 1618 zuwa 1648 bai shiga cikinta ba. Taron Hansa na ƙarshe an yi shi a 1669, wakilan garuruwa tara kacal suka zo.

Wani magatakardan sayen koko ya ce: Ana cewa kokonmu na sauka a Hambog. A ina ake ajiye shi, kuma garin a bakin teku yake?

Malam, ba a bakin teku yake ba. Jirgi sai ya shiga kogin Elbe ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ya iso. Amma cikowar teku da janyewarta na kaiwa har cikin gari, sau biyu a yini ruwa na hawa ya sauka da fiye da mita uku da rabi. Manyan jirage masu nauyi kan jira ruwa ya kawo su bi bayansa, kuma kullum ana yashe laka daga hanyar, in ba haka ba ta cike.

Da aka haɗe Jamus a 1871, Hambog ta ƙi shiga dokar kwastan ta ƙasa. Bismak, shugaban gwamnatin Jamus a lokacin, ya matsa, aka daidaita: gari zai shiga a 1888, amma a keɓe masa yanki a tasha inda kaya za su sauka, a ajiye, a sake fitar da su ba haraji. Don gina sito-sito a wannan yanki aka tashi mutane wajen 20,000 daga gidajensu, talakawa da masu hali, aka rushe unguwanninsu. Wurin shi ne Speicherstadt, birnin rumbuna, wanda aka fara a 1883 aka gama a 1927.

Ginin kansa darasi ne. Ƙasar taɓo ce, don haka aka kafa dubban gungumen itace a ƙarƙashi, aka ɗora jan bulo a kai. Kowane sito fuska biyu gare shi, ɗaya ga titi, ɗaya ga ruwa. Kwale-kwale mai faɗin ciki zai matso jikin bango in ruwa ya kawo, ƙugiya ta sauko daga can ƙololuwa, a ja buhuna zuwa hawa na biyar ko na shida ta ƙofofin da ke jere bisa juna. Bangon kauri gare shi, ba a hura wuta a ciki, saboda haka sanyin ɗakin ba ya sauyawa sosai, abin da koko da kofi da shayi ke so ke nan. Masu kula da kayan su ne ke auna buhu, su zura ƙarfe su ɗebo samfur, su tsaga ƙwaya su duba ko ta yi fumfuna ko ba ta ruɓa yadda ya kamata ba, irin binciken da kuke yi a nan kafin a ɗinke buhu. Tun da kwantena ta zo a 1968 aikin ya koma manyan rumfuna a ƙetaren kogi. Tsoffin gine-ginen yanzu ofisoshi ne da gidajen tarihi da shagunan dardumar Farisa. An soke yankin da ba haraji a farkon 2013, UNESCO kuma ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Wata ma'aikaciyar jinya a Asawase ta ce: A makaranta an ambata mana kwalarar Hambog ta 1892. Ta yaya birni mai arziki haka ya faɗa wannan hali?

'Yar'uwa, wannan ce tambayar da ta fi shafarmu, mu da muka ga abin da kwalara ta yi a Akara a 2014.

Hambog ta riga yawancin biranen Turai samun famfo da magudanar ƙazanta, tun shekarun 1840, aikin wani injiniya ɗan Ingila, William Lindley. Matsalar ita ce ruwan da ake turawa gidaje ɗanyen ruwan Elbe ne, a bar shi ya ɗan kwanta kawai, ba tacewa. Mutane sun saba ganin tsutsa da ƙananan kifaye na fitowa ta bututu. Wurin ɗibar ruwan yana sama da gari, magudanar ƙazanta na zuba a ƙasa, sai aka ɗauka an tsira. An manta cewa kogin nan na komawa baya duk lokacin da teku ta kawo. Shekaru aka yi ana gardamar wa zai biya kuɗin matata, majalisar attajirai da masu gidajen haya kowa na noƙewa, alhali an sami kuɗin gina sito-sito.

Agustan 1892 ya zo da zafi, kogi ya ragu, ruwa ya yi ɗumi. A tsakiyar wata aka fara kai masu amai da gudawa asibiti. Hukuma ta yi kwanaki tana jan ƙafa kafin ta furta sunan cutar, don tsoron a rufe tasha, jirage kuma suka ci gaba da fita da takardar lafiya. Kafin a farga bututu ya raba cutar gida-gida. Cikin mako goma mutum kusan 17,000 suka kamu, fiye da 8,600 suka mutu, mafi yawa a lungunan talakawa masu cunkoso. Gwamnatin Balin ta turo Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar cutar shekaru kaɗan kafin nan. Ya sa aka rufe makarantu, aka hana taruka, aka riƙa rarraba tafasasshen ruwa a kan amalanke, aka bi gidaje da maganin kashe ƙwayoyi.

Hujjar da ta rufe bakin kowa tana Altona, gari mai manne da Hambog amma a ƙarƙashin masarautar Furusiya a lokacin. Altona na ɗibar ruwa ne a ƙasa da inda ƙazantar Hambog ke zuba, wato ruwanta ya fi muni, amma tun 1859 take tace shi da yashi. A titin da ya raba garuruwan biyu, gefen Hambog ana fitar da gawa, gefen Altona kusan lafiya lau.

Ga yadda matatar take. Ruwa zai fara kwanciya a babban tafki don laka ta zauna. Daga nan a sake shi kan shimfiɗar yashi mai laushi, kaurin wajen mita ɗaya, ƙarƙashinta tsakuwa, ƙarƙashin tsakuwa bututun tattarawa. Ba yashin ne kaɗai ke aikin ba. Cikin 'yan kwanaki wata yauƙi-yauƙin fata takan taru a samansa, ita ke kama ƙwayoyin cuta ta cinye su. Ƙa'idar Koch ita ce kada ruwa ya ratsa da saurin da ya wuce santimita 10 a awa, kuma a riƙa gwada kowane tafki daban. In fatar ta yi kauri ta toshe, sai a tsiyaye ruwa a kankare santimita ɗaya ko biyu. Nan ne ake kuskure: bayan kankarewa matata ba ta da kariya sai sabuwar fata ta taru, saboda haka ruwan farko ba na sha ba ne. Ita kanta Altona ta ga 'yar ɓarkewa a sanyin farkon 1893 lokacin da ƙanƙara ta lalata saman yashin wani tafki. Hambog ta gama tata matatar a tsibirin Kaltehofe a 1893, aikin da aka yi dare da rana bayan an riga an binne mutane.

Wani malamin Islamiyya a Sabon Zango ya ce: Akwai wata alaƙa tsakanin wannan birni da Hausawa kafin zamanin boga?

Akwai, Malam, mai daɗi da marar daɗi. A Hambog aka haifi Heinrich Barth a 1821, Baturen da ya shiga Kano a farkon 1851 da sunan Abdulkarim, ya iya Hausa da Larabci, ya je Sakkwato da Gwandu da Kukawa da Tambutu. Da zai koma a 1855 ya tafi da samari biyu, Abbega da Dorugu, kuma daga bakin Dorugu aka rubuta wasu daga cikin labaran Hausa na farko da aka buga a boko.

Ɗaya fuskar ita ce ta kamfanoni irin na gidan Woermann, masu kai barasa da bindigogi gaɓar Afirka ta Yamma su ɗauko manja da roba. A 1883 majalisar 'yan kasuwar Hambog ta rubuta wa gwamnati tana neman a kare mata ciniki da ƙarfin ƙasa, a 1884 aka kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru. Abin ya taɓo mu kai tsaye, domin Togon Jamus ta haɗa da Kete-Krachi da Yendi. A Adibo, kusa da Yendi, Jamusawa suka karkashe mayaƙan Dagomba a 1896. A Kete-Krachi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya baro Salaga bayan yaƙin basasar 1892, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausa da ajami. Jiragen Woermann ne kuma suka kwashi sojojin da suka yi wa ƙabilar Herero kisan kiyashi a Namibiya daga 1904. Makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka da aka buɗe a Hambog a 1908 ita ta zama tushen jami'ar birnin a 1919, inda aka daɗe ana koyar da Hausa. A 2012 kuma Hambog ta zama jiha ta farko a Jamus da ta sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyin Musulmi, wadda ta amince da ranakun Sallah da Ashura a matsayin ranakun ibada da ɗalibi ko ma'aikaci zai iya neman hutu.

Wani ɗalibi a jami'ar KNUST ya ce: Na ga hotunan garin, ban ga tsoffin gine-gine irin na sauran biranen Turai ba.

Wuta ce ta cinye su, ɗan'uwa, sau biyu. Ta farko ta tashi cikin daren 5 ga Mayu 1842 a titin Deichstrasse, ta ci har 8 ga wata. An daɗe ba ruwan sama, gidajen katako ne a matse, sito-sito cike da barasa da kayan da ke kama wuta. Barasar ta malala cikin magudanan da ake ɗibar ruwan kashe gobara. Shawarar fasa wasu gidaje don yanke wa wutar hanya ta zo da wuri, amma aka yi jinkiri don tsoron biyan diyya, ƙarshe har zauren majalisar gari sai da aka tarwatsa da albarushi. Mutum 51 suka mutu, gidaje wajen 1,700 suka ƙone, mutum 20,000 suka rasa matsuguni. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Kumasi ya san yadda rashin hanyar shiga ke mayar da ƙaramar wuta babba.

Ta biyu ta Yaƙin Duniya na Biyu ce. Daga 24 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta 1943 jiragen Ingila da Amurka suka yi ta ruwan bama-bamai. A daren 27 ga Yuli jirage fiye da 700 suka fara da masu fasa rufi da tagogi da bututun ruwa, suka biyo da masu cinna wuta, a kan unguwannin ma'aikata irin su Hammerbrook da Rothenburgsort. Dubban gobara suka haɗe suka zama ɗaya, zafi ya yi sama, iska ta riƙa kwararowa daga kowane gefe da ƙarfin tumɓuke itatuwa. Da yawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka mutu, hayaƙi da rashin iska suka kashe su ba tare da wuta ta taɓa su ba. Aƙalla mutum 34,000 suka halaka, wajen 900,000 suka bar gari. A wannan birnin kuma gwamnatin Nazi ta kwashi dubban Yahudawa zuwa ga mutuwa, a sansanin gwale-gwale na Neuengamme da rassansa fiye da mutum 42,000 suka mutu. Hasumiyar cocin Nikolai mai mita 147 an bar ta da baƙinta a tsakiyar gari don tunawa.

Wata Hajiya a Aboabo ta ce: Duk damina ruwa na shigar mana gida. Ɗana yana zaune a Wilhelmsburg, ya ce tsibiri ne a cikin kogi. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, Allah ya kawo muku sauƙi. Ɗanki ya faɗi gaskiya, kuma unguwar tasa ce ta fi shan wuya a ambaliyar daren 16 zuwa 17 ga Fabrairu 1962. Guguwa daga arewa maso yamma ta tura ruwan teku cikin Elbe ta hana shi komawa, ya hau mita 5.70 bisa ma'aunin teku. Ganuwar ƙasar da ke tare kogi ta yi gajarta, gefenta ya cika tsayuwa, wasu wuraren da ɓaraguzan yaƙi aka cike su. Ruwa ya tsallake ya ci ta ta baya, ta fashe a wurare wajen 60. Sanarwar rediyo ta yi maganar bakin teku ne, mutanen gari suka ɗauka ba da su ake ba, suka kwanta. Mutum 315 suka mutu, fiye da 200 a Wilhelmsburg, yawancinsu a ƙananan bukkokin lambu da suke ciki tun da bam ya rushe gidajensu. Helmut Schmidt, mai kula da 'yan sandan birnin a lokacin, ya kira soja da jirage masu saukar ungulu aka kwashe mutane daga kan rufi.

Bayan nan aka sake ganuwar gaba ɗaya, aka faɗaɗa gindinta, aka kwantar da gefenta, aka ɗaga ta sama da mita bakwai, daga baya aka ƙara. Tsawonta ya haura kilomita 100, kuma sau biyu a shekara jami'ai na bin ta a ƙafa suna neman ramin ɓera da tsagewa da inda ciyawa ta mutu. A Janairun 1976 ruwa ya kai mita 6.45, ya fi na 1962, ganuwar birnin ba ta fashe ba.

Ki gaya masa abu uku. In ya ji jiniya tana hawa tana sauka har minti ɗaya, ya kunna rediyo nan take ya bi abin da aka ce. Ya nemi takardar da hukumar unguwa ke rabawa mai nuna wurin taruwa da inda bas ke ɗaukar mutane in an ce a tashi. In kuma an yi gargaɗin guguwa tsakanin Satumba da Maris, kada ya bar motarsa a kasuwar kifi ta Altona ko wani fili da ke wajen ganuwa, domin can ruwa na hawa kusan kowace shekara.